Ƙafafun Tagulla Uku a Farantin Baba Fita

Cikakken sunansa Wilson Ayuba, amma in ka tambayi wannan suna a Makera sai a tsaya ana kallonka. Ka ce Baba Fita, ko mai sayar da rake zai nuna maka shagon. Fita shi ne mai gyaran injin saƙa, aikin da ya yi shekara ashirin da shida a wata masaƙa a Kakuri. Masaƙar ta zama kango, sunan bai bar shi ba.

Ni sunana Nuhu. Ina da ɗan tebur na zare da allura da maɓalli a jikin shagon 'yarsa, teloli nake sayar wa. Karatuna bai wuce ajin yamma da ƙungiyar ma'aikata ta buɗe mana ba, saboda haka inda magana ta karkace a yi haƙuri.

Na san shi tun 1981. Ni daga wajen Funtua na zo, aka ba ni injin saƙa huɗu a ɗakin da ko ihu ka yi ba mai jin ka. Shi kuma ya zo daga wani ƙauye kusa da Zonkwa da akwatin ƙarfe da takalmi ɗaya na zuwa coci, aka sa shi koyon fita. Wata safiya injina ɗaya ya tsaya, aka turo shi. Ya kwance, ya gyara, ya ɗaure. Kowane fita yana da ɗan farantin da yake zuba noti da ƙusa in ya kwance inji. Da ya gama sai noti ɗaya ya rage a nasa. Ya juya shi, ya leƙa injin, bai ga inda ya fito ba. Ya ce a ransa ƙila na wani ne, ya jefa a aljihu.

Ba a yi awa guda ba ƙarfen da ke tare ƙoshiya ya saki. Ƙoshiya ita ce katakon nan mai bakin ƙarfe da ke kai zare tana dawowa, ido ba ya iya bin gudunta. Ta yi tsalle ta same ni a saman girar hagu. Ɗinki bakwai aka yi min. Da ta sauko da faɗin yatsa ɗaya, da ido ɗaya nake wannan rubutu.

Ba wanda ya san dalili, aka ce tsautsayi ne. Washegari da la'asar sai ga wani siririn saurayi a bakin gadona a asibiti. Ya fito da noti ya ajiye a kan zanen gadon.

"Malam, ni ne," ya ce.

Na ce masa ya mayar da abinsa aljihu ya yi shiru, abin da ya faru ya riga ya faru. Bai ji ba. Ya tafi wurin foman ya faɗa da bakinsa, aka dakatar da shi mako biyu. A mako biyun nan kullum yana zuwa ya zauna wurina, ya ɓare min lemo. Daga nan muka saba.

Tun ranar Wilson ya kafa wa kansa doka biyu. Ta farko, duk abin da ya fito daga inji sai ya koma inda ya fito, ba a tashi aiki da ko ƙusa ɗaya a faranti. Ta biyu, ba a kunna inji sai an rufe shi ruf. In ya gama gyara yakan ɗaga farantin ya kife shi a gaban mai injin, a ga babu komai. Yaran da ya koya wa aiki suna yi masa dariya a bayan ido, amma a shekara ashirin da biyar ɗin da suka biyo baya ba injin da ya taɓa ya ji wa wani ciwo. Matarsa Scholastica, wadda muke kira Maman Esther, takan ce da zai yiwu, in ya ci kifi sai ya mayar da ƙayoyin inda ya same su.

Da masaƙa ta tsaya, mutane suka watse. Wasu suka hau acaɓa, wasu suka koma gida noma, wasu zaman ne ya kwantar da su ba su ƙara tashi ba. Wilson ya kafa benci a gindin wani mangwaro a Kudenda yana gyaran fanka da dutsen guga da janareta. Ana cikin haka Maman Esther ta rasu. Ya rame ƙwarai a shekarar. In na je wurinsa nakan tarar ya kwance fankar da ba abin da ya same ta yana sake haɗawa, don kada hannu ya zauna haka.

'Yarsa Esther ce ta yi karatun kwamfuta. Ta buɗe shago a nan Makera, ana buga takardu, ana hoton takarda, ana ɗan gyara. Wata rana ta kira shi ya duba mata fankar sama. Yana saukowa daga kan kujera ya ga wata kwamfuta a buɗe a kan tebur, ya tsaya a kanta ya manta da fankar.

"Wannan ai inji ne," ya ce.

"Baba, ba irin naku ba ne."

"Yana da noti?"

"Yana da."

"To inji ne."

Yana da shekara hamsin da biyar a lokacin. Ya sayi littafin rubutu irin na 'yan makaranta, duk abin da ta gaya masa ya zana ya rubuta sunansa a ƙasa. Ta yi haƙuri da shi, shi ma ya yi haƙuri da ita, domin koya wa uba aiki ba sauƙi gare shi ba. Cikin shekara biyu ta ware masa tebur a can ƙuryar shagon, kusa da taga. Shi ne ya ce min in bar yawo da zare a jaka in kafa tebur a ƙofar, teloli sun yi yawa a layin. Daga inda nake zama ina hango bayansa da farantinsa, wanda ya fito da shi daga masaƙa, fari mai bakin shuɗi, duk ya ƙwarzane.

Shekara takwas yana kan teburin nan lafiya. Bara ne hannunsa ya fara rawa. Ba sosai ba, amma aikin kwamfuta ba ya son ko kaɗan. Ya tsinke wata siririyar waya a kwamfutar hannu ta wani malamin makaranta. Bayan wata biyu sukudireba ta zame masa ta tsaga gilashin wata. Duka biyun shi ya fara faɗa kafin a tambaya. Esther ba ta yi masa faɗa ba. Abin da ta yi ya fi faɗa ciwo a wurinsa. Ta gyara masa ɗaki a gidanta a Trikania, ta sa labule, ta sa talabijin, ta sayi wata kujera mai laushi da ake miƙe ƙafa a kanta.

"Nuhu, na ga kujerar," ya ce min. "In mutum ya zauna a cikinta sai an miƙo masa hannu kafin ya tashi. Ita ke nan."

Saura mako uku babbar salla Hajiya Maimuna ta kawo kwamfutarta daga Unguwar Sanusi a keke Napep. Hajiya tana da injin da ke yi wa riguna aikin wuya, kuma a kwamfutar nan take zana adon kafin injin ya ɗinka. Rabin telolin da ke sayen zare a wurina ita suke kai wa aiki. Babbar kwamfuta ce irin ta tebur, ta tsufa, tana jan ƙafa. Esther ta duba ta ce sai an canza babban allon da ke ciki, wanda suke kira madabod, shi ne komai yake maƙale a jikinsa. Ta haye kogi zuwa cikin gari ta sayo sabo, aka gwada shi a gabanta yana aiki. Niyyarta ta ba da aikin ga Jamilu, wani mai gyara a can tsallake da take kai wa manyan ayyuka.

Wilson ya tashi daga teburinsa ya zo ya tsaya a gabanta.

"Esther, wannan ba irin ta hannu ba ce. Notinta manya ne. Ki bar min."

"Baba, abeg. Kayan salla ne a ciki."

"Na sani."

"In wani abu ya faru fa?"

"In wani abu ya faru, ki kira mai Napep ya ɗauki teburin. Ni da kaina zan kama masa."

Ta kalle shi. Ta juyo wurina.

"Baba Nuhu, ka ji dai da kunnenka. Ba ni na faɗa ba."

Na ce na ji.

Ran Laraba da safe ya fara. Ban taɓa ganin ya yi aiki a hankali kamar ranar ba. Ya kwance komai, ya jera a kan jarida. Ya cire tsohon allon. A ƙarƙashinsa akwai wasu 'yan ƙafafu na tagulla, kowace ba ta kai ƙwayar gyaɗa ba, a kansu allon yake zama don kada ya taɓa ƙarfen akwatin. Su ma ya kwance su ya zuba a faranti, ya goge akwatin da buroshi har lungu. Sannan ya fara mayarwa. Kafin azahar ya gama. Ya rufe murfin, ya ɗaure notinsa, ya ɗaga farantin ya kife min shi daga nesa. Na ɗaga masa hannu.

Ya danna maɓallin. Fankar da ke ciki ta yi fir, ta tsaya. Gilashin kwamfutar bai ko kawo haske ba.

Ya sake dannawa. Fir, shiru.

"Ko wutar ce ba ƙarfi?" na ce daga ƙofa.

Ya nuna min ƙwan da ke sama, yana haske tar. Duk da haka ya canza soket, ya canza wayar wuta, ya ɗauko ta injin buga takarda ya gwada. Ya buɗe murfin ya bi kowace waya da yatsa, ya danna ta, ya rufe, ya ɗaure, ya kunna. Fir, shiru. Kowane gwaji sai ya buɗe ya rufe, domin ba zai kunna ta a buɗe ba. Esther tana gaba tana sallamar masu hoton takarda. Ba ta waiwayo ba, amma na ga takarda ɗaya ta buga ta sau uku.

Ran Alhamis ya zo da littafinsa. Ya bi shi shafi shafi. Ya cire akwatin wutar kwamfutar ya sa wani da ya san yana aiki. Ya cire 'yan sandunan nan biyu da suke kira ram, ya goge bakinsu da abin goge fensir, ya sa ɗaya ya gwada, ya cire ya sa ɗayan. Ya cire wani batir mai kama da kwabo, ya jira, ya mayar. Ya zare duk abin da kwamfuta za ta iya tashi ba tare da shi ba. Duk lokacin da ya canza abu, abu ɗaya yake canzawa, ya rubuta. Amsar dai ɗaya ce.

Wajen sha ɗaya sai ga Hajiya Maimuna.

"Baba Fita, ina kwana. Ina mara lafiyar tawa?"

"Tana nan, Hajiya."

"Ikon Allah. Na kawo maka ita tana tafiya da ƙafarta, ɗingishi kawai take, ka kwantar min da ita?"

Dariya take, amma idonta yana kan kwamfutar. Ta ce teloli goma sha ɗaya sun jibge mata shadda, jiya ma wani ya zo har gida yana mata ruwan magana. Zane-zanenta na shekara shida suna ciki.

"Ba abin da ya sami zanenki," ya ce. "Zauna ki gani."

Ya cire sabon allon ya mayar da tsohon, ya rufe, ya kunna. Sai ga ta ta tashi, a hankali kamar yadda ta saba. Hajiya ta buɗe zanenta ta gani, ta yi hamdala, ta ce to a yi dai a gama, ta tafi.

Ita hankalinta ya kwanta, shi nasa ya tashi. In tsohon allo yana aiki a akwatin, sabo ba ya yi, to sabon ne ya mutu. Kuma da ransa aka kawo shi.

Esther ta zo ta tsaya a bayansa.

"A gabana aka gwada shi, Baba."

"Na sani."

"Ko sukudireba ta zame maka a kansa? Ka faɗa min, ba komai."

"Ba ta zame ba."

"Ka tabbata?"

Ta sassauta murya.

"Na kira Jamilu. Gobe in an sauko daga masallaci zai zo da Napep ya ɗauke ta."

"Napep ɗaya zai isa?" ya ce. "Da teburin?"

Ta juya da sauri ta koma gaba.

Da la'asar na saya masa dafaffiyar masara, bai taɓa ba. Ya miƙo min hannuwansa biyu a kan tebur.

"Dube su, Nuhu. Ban san lokacin da suka yi ba. Abin da ke damuna ke nan. Da na san na taɓa wani wuri, da na faɗa. Mutum ya ɓata abu bai ma sani ba, ai Esther ta yi gaskiya."

Na ce masa Allah ya kai mu goben. Ba ni da abin da ya fi wannan.

Ran Juma'a na fito da wuri, na tarar ya riga ni. Ya sake sa sabon allon, ban san karo na nawa ba, ya rufe, yana zaune yana kallon akwatin. Tsohon allon yana gefe a kan jarida. Na jawo benci na zauna kusa da shi. Na ce ko zan iya taɓawa, ya ce in taɓa, ba shi da sauran amfani.

Ni ban san komai a kwamfuta ba. Amma shekara goma ina sayar da maɓalli, idona ya saba da neman rami. Na ɗaga allon saitin taga, haske ya shigo ta ramukansa. Na bi su da yatsa. Tara. Kwalin sabon yana ƙarƙashin tebur, na ga bai kai faɗin wannan ba.

"Fita, sabon bai kai wannan girma ba ko?"

"Na yanzu ƙanana suke yi."

"Shi ramukansa nawa?"

"Shida."

"Wannan tara."

"Eh."

"Ran Laraba na ga ka zuba 'yan ƙafafun nan a faranti. Kuma na ga ka kife min farantin."

"To?"

"Ukun fa?"

"Na mayar da su inda na..."

Bai ƙarasa ba. Can ya jawo littafinsa, ya buɗe wajen farko, ya turo min. Rubutunsa ne na shekara goma da suka wuce, an ja layi da jan biro a ƙasa. Ya karanta min da kansa, cewa allo ba ya taɓa ƙarfe sai a inda aka yi masa rami. Bayan allon cike yake da ɗigon dalma, in ƙarfe ya taɓa su wuta sai ta zurare ta bi jikin akwatin, kwamfutar ta kashe kanta don kada ta ƙone.

"Na sani," ya ce. "Ni na rubuta. Na wuce shafin nan jiya, ban ko tsaya ba."

Ya kwance murfin. Ya cire noti shida, ya ɗaga allon da hannu biyu. Ga su nan. Biyu sun faɗo a waje da gefen allon, ba ruwansu da kowa. Ta ukun tana tsakiya, inda babu rami, kanta yana ƙyalli. Ya juya bayan allon, ga ɗan tabo daidai wurin.

Ya kwance ta. Ya riƙe ta tsakanin yatsu biyu, hannun yana rawa. Na ga idonsa yana yawo a cikin akwatin, yana neman wani ramin da zai sa ta.

"Ka cire sauran biyun ma," na ce.

"Su ba sa taɓa komai."

"To me suke riƙewa?"

"Daga ciki suka fito, Nuhu."

Na cire hulata na nuna masa tabon girata. Ban taɓa yi masa haka ba, shekara arba'in da wani abu.

"Ni ƙoshiya ta buga. Ni nake ce maka ka bar su a waje."

Ya kalli tabon, ya kalli akwatin. Ya kwance su. Ya mayar da allon a kan ƙafafu shida, ya haɗa wayoyi, ya rufe murfin, ya ɗaure kowane noti. Ukun suna cikin tafin hannunsa na hagu, ya dunƙule.

"In ya riga ya ƙone fa?"

"Sai mu sani."

Ya yi wata gajeriyar addu'a da yarensu, ni ma na yi tawa a ciki. Ya danna.

Fankar ta yi fir. Ba ta tsaya ba. Muka kasa kunne, tana ta juyawa. Kwamfutar ta yi ɗan kuka sau ɗaya, gilashin ya kawo haske, rubutu ya fara gudu. Ta ɗan daɗe tana wasu shirye-shiryenta, sai ga hoton jikar Hajiya Maimuna ya cika gilashin, tana dariya da giɓi.

Esther ta ji kukan daga gaba. Ta bar wani mutum da takardarsa a hannu ta shigo.

"Ta tashi? Baba, ta tashi!"

Ta ture shi gefe ta kama linzamin kwamfutar, ta buɗe zanen Hajiya. Abin da a da sai an jira shi, yanzu kafin ta ɗaga yatsa ya buɗe. Ta rufe ta buɗe wani.

"Me ya same ta? Me ka yi mata?"

Hannunsa na hagu yana dunƙule a kan cinyarsa, daidai bakin aljihu. Ni na mayar da kaina ina gyara zaman hulata. Da ya ce datti ne, ko waya ce ba ta zauna ba, ba wanda zai ƙara tambaya, kuma ni ba zan ce uffan ba.

Ya jawo farantin, ya buɗe hannun a kansa. Suka faɗa ɗaya bayan ɗaya.

"Ba allon ba ne," ya ce. "Ni ne. Sun rage, na mayar da su. Ɗaya tana taɓa bayan allon tun ran Laraba."

Ta kalli farantin.

"Kwana uku, Baba."

"Kwana uku."

"Ni na koya maka wannan. A makon farko."

"Yana cikin littafi."

"Me ya sa ba ka fito da allon ka gwada shi a kan kwali ba? Minti biyar ka gane."

"A buɗe?"

Ya faɗe shi kamar ta ce ya fita titi ba wando. Ta so ta daure, ta kasa. Dariya ta ƙwace mata har ta dafa tebur, daga nan kuma ta koma share ido da bakin gyalenta.

"Wayyo Mama," ta ce. "Da tana nan."

Wilson bai yi dariya ba.

"Magana tana nan yadda na faɗa," ya ce. "Malam Nuhu shaida ne. Wani abu ya faru. In Jamilu ya zo, zan kama masa teburin."

Ta ɗauki ɗaya daga cikin ƙafafun ta juya ta a yatsunta.

"Jiya ban yi barci ba, ina cewa hannunka ne," ta ce. "Da hannun ne, da ba ni da yadda zan yi. Wannan taurin kanka ne, shi kuwa tun ina goye nake fama da shi." Ta mayar da ita farantin. "Baba Nuhu, ka sake zama shaida. Teburin yana nan. Kwamfutar hannu dai ya bar min, na gama magana. Manyan nasa ne. Amma daga yau ba zai rufe murfi ba sai na zo na leƙa, kuma ni zai nuna wa faranti."

"Kin zama foman ke nan," ya ce.

"Na zama. Kana da magana?"

Ya shafa bakin teburin da tafin hannu.

"Wanda muka yi a masaƙa ya fi ki sauƙi."

Ta ɗauki waya ta kira Jamilu ta ce ya sha zamansa. Ni kuma na ga rana ta yi, na rufe zarena da buhu na tafi alwala. Da na dawo daga masallaci na tarar ya cinye masarar jiya, ta yi sanyi ta yi tauri, yana goge tebur. Hajiya Maimuna ta zo da la'asar ta ɗauki kayanta. Ta ce ashe kwanciyar ta yi wa mara lafiyar amfani, ko Baba Fita ma za a canza masa madabod ɗin. Ya ce nasa ba a kawo irinsa yanzu.

Yana nan a kan teburinsa har yau. Kujerar Trikania jikokinsa ne suke tsalle a kanta, ya ce min ƙafarta ɗaya ta fara girgiɗi, ran Lahadi bayan coci zai duba. Esther ta hana a zubar da ƙafafun nan uku, ta ce a faranti za su zauna. Ya sayo wani farantin na aiki, tsohon kuma yana gefen taga da su a ciki. Ina lura da shi, in ya gama aiki idonsa yakan je kansu, ya ɗauke.

Shekaranjiya na leƙa in aro almakashi, na same shi tsugune a gaban kabad ɗin da Esther ke ajiye takardu, da ɗaya a hannunsa, yana gwada ta a wani rami a jikin ƙyauren.

"Fita," na ce.

"Dubawa kawai nake."

"Ta shiga?"

"Ta yi kaɗan."

Ya tashi da ƙyar, ya mayar da ita cikin 'yan uwanta, ya miƙo min almakashin.